Ƙulli Ɗaya a Koriyar Waya

Mai Kitso ba ta taɓa hawa tsani ba sai da ta haura shekara hamsin. Amma in za a faɗi gaskiya, babu gidan da mijinta ya sa wa wuta a shekara talatin da biyu wanda hannunta bai shiga ba. Mutanen unguwa ba su san haka ba. Su dai abin da suka sani, mace ce gajera mai saurin hannu da saurin baki, tana zaunar da mata a tabarma a ƙofar ɗakinta tana ja musu kai har su yi ƙwalla, gobe kuma su dawo da ƙawayensu. Mijin kuwa kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Dogo ne, shiru-shiru, kullum da tasta a aljihun gaba, wato ɗan sukudireban nan da ke kawo haske idan ya taɓa waya mai wuta. An san shi da abu ɗaya, gidan da ya yi wa aiki ba a taɓa jin ƙauri a cikinsa ba.

Abin ya fara ne wata uku da aurensu. Ya dawo daga aiki da ƙunshi a hammata, baki har kunne, ya ajiye mata a cinya ya ce, “Ga jan zane na sayo miki, na ji kin ce kina son ja.”

Ta kwance. Zane mai kyau kuwa, mai nauyi, amma kore shar. Ta ɗaga kai ta nemi wasa a fuskarsa, ba ta samu ba. Mutumin nan jira kawai yake a yaba masa. Sai ta yaba, ta yi godiya har da rawa, ta ninke zanen ta kai shi can ƙasan akwati, ba ta gaya masa kore ne ba.

Bayan sati biyu fulogin dutsen gugarta ya lalace, ya zauna a bakin gado yana gyarawa, ita kuma tana kallo. Dama shi in yana aiki ne kawai bakinsa ke buɗewa. Ya riga ya sha gaya mata cewa waya uku ce: ja ita ke ɗauke da wuta, baƙa ita ke mayar da ita, koriya kuwa ta ƙasa ce, a jikin ƙarfen kaya ake ɗaura ta, don in wuta ta ɓalle ta bi ta can ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Tana kallo ya ɗauki koriyar ya nufi ramin da ya ce na ja ne. Ta yi wuf ta riƙe masa wuyan hannu.

“Wannan ai koriya ce.”

Ya dubi wayar, ya dube ta. Ya ajiye filaya a hankali. Sannan ya ce, “Baƙa ina ganinta. Amma ja da kore duk abu ɗaya ne a idona, wata kala ce haka kamar ta busasshen ganye. A wajen Oga, wanda ya koya min aikin, in da wuta da tasta nake ganewa, in babu wuta sai in lura da wadda wani ya ɗauka. Yanzu ya sallame ni, ni kaɗai nake fita. In maganar nan ta fita, wa zai sake ba ni gidansa?”

Tausayinsa ya kama ta, haushi ma ya kama ta, don ba ta son ganin dogon mutum ya lanƙwashe haka. Ta fizge wayoyin daga hannunsa. Mai kitso ce, yatsunta ba sa jiran kanta ya gama tunani. Ta ƙulla ƙulli ɗaya a bakin jar, ta ƙulla biyu a bakin koriyar, ta tura masa.

“Ɗaya ja, biyu koriya. Baƙar ka ce kana gani, ta zauna haka. Taɓa ka ji.”

Ya taɓa da yatsa. Sai ga shi yana dariya, hawaye na bin gefen hancinsa.

Tun daga ranar, kafin macen farko ta zo kitso da safe, Mai Kitso ta gama nata kitson na waya. Yana aunawa yana yankawa, tana ƙulla kowane yanki a bakinsa biyu. Ƙullinta ma daban yake, matsattse, da ɗan jela a lanƙwashe baya, yadda take rufe ƙarshen kitso don kada ya warware. Yara suka taso suna ganin haka, suka ɗauka duk gidan mai gyaran wuta haka ake yi.

Daga ƙulli sai sayayya ta koma hannunta, tunda ba zai yiwu ya tsaya gaban mai shago ya ce a nuna masa wadda take ja ba. A nan ne fa masu sayar da kayan wuta suka ga ta kansu. Da farko raina ta suka yi, mace da mayafi ta shigo layin maza tana tambayar waya. Ba a yi shekara biyu ba suka fara ɓoye wasu kaya in sun hango ta. Kullum da abu uku a jakarta: reza, ɗan mayen ƙarfe, da ashana. Za ta fere bakin waya ta kankare da reza, in fari ya leƙo daga ƙarƙashin jan, ta san fenti aka yi wa wani ƙarfen banza. Za ta kanga mayen ƙarfe, in ya kama, ta ajiye, domin jan ƙarfe na gaskiya ba ya bin maye. Naɗin waya kuwa a tafin hannu take auna shi, ta ce wannan ya yi sakayau, an ci tsawonsa ko an ci kaurinsa. Soket sai ta juya bayansa ta leƙa ƙarfen ciki, ta soka fulogi ta zare ta ji ko yana riƙewa gam, don ta san wanda ke sakwa-sakwa shi ke yin zafi ya narke.

Wata rana wani mai shago ya rantse mata da duk abin da ya sani cewa makunnansa ba sa cin wuta. Ta ce to, ta sayi guda ɗaya, ta tsaya nan a ƙofar shagon ta ƙyasta masa ashana. Robar ta kama kamar an zuba mata mai, tana ɗiga tana hayaƙi.

“Haba Hajiya, za ki kore min mutane!”

“Gara in kore maka su nan da a kwaso su daga ɗaki,” in ji ta. “Ɗauko min na bayan kantar can, wanda kake ajiye wa 'yan uwanka.”

Ya ɗauko kuwa. Ta ƙyasta, robar ta yi baƙi ta mutu da kanta. Ta sayi dozin.

Abin da ke tayar mata da jijiyar wuya shi ne masu gida. Mutum zai zuba tayil mai sheƙi, ya rataya labule har ƙasa, ya sa ƙofa mai ƙararrawa, amma da an zo waya, abin da zai kwanta a cikin bango tare da 'ya'yansa, sai ya ce a sa mai sauƙi, ai ba a gani. Wani ma so yake siririyar wayar fitila ta ɗauki dutsen guga da hita da injin ruwa gaba ɗaya. In Injiniya ya dawo da irin wannan labarin, ita ke cewa ya mayar musu da aikinsu. Siririya ta fitila ce, mai kauri ta soket, wadda ta fi kauri ta hita, kuma kowane layi da birekarsa daidai ƙarfinsa, wadda za ta faɗi ta yanke wuta in abu ya yi yawa. Wannan karatun ta haddace shi tana tsaga kan mata da tsinke, ba wanda ya taɓa ba ta takarda a kansa.

Haka suka yi shekara talatin da biyu a gidan haya, suna haska gidajen mutane suna komawa ɗaki biyu mai soket ɗaya. Sai Allah ya nufa suka gina nasu, ɗaki uku da falo da kicin. Zo ka ga Mai Kitso! Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Kowane soket da kowane makunni na gidan nan da hannunta ta zaɓe shi, mai shagon nan ma da ya ji na gidanta ne, bai tsaya ɓata lokaci ba ya zagaya bayan kanta. Ta sa aka yi wa kicin layinsa daban, saboda ƙatuwar firizar da ta saya. Yatsunta sun fara ciwo da sanyin safe, ta ƙudura za ta rage kitso ta koma sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Da aka zura wayoyi cikin bututun bango, ta bi ɗaki-ɗaki ta ƙulla bakin kowace da ta leƙo daga rami, ɗaya a ja, biyu a koriya, tana yi tana waƙa.

Ana saura ɗaura soket da makunni sai aka bugo waya cewa babbar 'yarsu ta sauka a garin da take aure. Mai Kitso ta tafi ta yi kwana biyar, rabin hankalinta na kan jika, rabi na cikin bango. Injiniya ya ce ta kwantar da ranta, ai ta gama nata, saura nasa. Ta dawo da safiyar ranar da ma'aikatan kamfanin wuta za su zo haɗa mita.

Daga tasha ko gidan haya ba ta biya ba. Tun daga bakin layi ta hango mutum biyu a kan falwaya suna jan waya zuwa rufin gidanta, nata na kanta, sai ta ji kamar ta yar da jaka ta ruga. Ƙofar gida cike. Ga maƙwabta, ga matan da take yi wa kitso sun zo ganin gida. Ga Oga, tsohon da ya koya wa Injiniya sana'a, an ajiye masa kujera a inuwa, ya dogara haɓa a kan sanda yana bin kowa da ido. Ga kuma Ɗan Kwangila, mai ƙaton ciki da waya biyu a hannu, wanda ke shirin ba Injiniya aikin gidaje goma sha biyu, ya ce bari ya zo ya ga yadda mutum ke yi wa kansa aiki.

Injiniya ya tare ta a zaure, ya sa sabuwar riga, tasta a aljihu. “Sannu da hanya. Ya mai jego, ya angona ko amaryata?”

“Amaryarka ce, kuma ta fi ka kyau. Ka gama?”

“Tsaf. Har firizarki na jona, ita za ta fara yi miki sallama.”

Ta shige ciki tana taɓa komai. Ta danna wannan makunni ta ji ƙas, ta danna wancan ta ji ƙas, ba wuta tukuna amma sautin kaɗai ya ishe ta. Ta shafa soket ɗin falo, a miƙe yake, ba karkace ko kaɗan. Mata na bin ta suna shewa, tana nuna musu inda fanka za ta juya, tana cewa daga yau duk mai son kitso a ƙarƙashin iska za a ja mata kai.

A kicin ta sami Auta, ƙanwar Injiniya. Auta ta ba hamsin baya, tana da jikoki, amma har yau Auta ce, kuma duk dangi sun san ta da ciwon tsafta. In ta zo gidanka baƙunta sai ta share maka ƙarƙashin gado kafin ta sha ruwa. Yanzu ma ta kwarara wa daɓen kicin ruwa, ta tuɓe takalmi, tana goge jikin firiza da jiƙaƙƙen tsumma.

“Matar Yaya, kin dawo? Kada ki taka min nan, ban gama ba.”

Mai Kitso ta yi dariya ta zagaya ta ƙofar baya. Nan ta ga tarin shara da Auta ta tara, a ciki har da guntayen waya, waɗanda Injiniya ke yankewa daga baki in zai ɗaura soket. Ita kuwa ba ta iya wuce jan ƙarfe a ƙasa, shekara da shekaru tana tara shi a gwangwani. Ta durƙusa tana tsincewa. Ja mai ƙulli ɗaya, koriya mai biyu, ja mai ɗaya. Sai hannunta ya tsaya.

Koriya ce, da ƙulli ɗaya.

Ta tona da sauri. Ga ja mai ƙulli biyu. Ta juya su a tafin hannu. Ƙullin sako-sako ne, ba jela, irin wanda ake ɗaure bakin buhu. Ba nata ba ne.

“Auta! Wa ya taɓa wayoyin bango?”

Auta ta leƙo da tsumma a hannu. “Au, waɗannan? Ni ce. Ranar da na zo wanke bangon kicin suna ta kama min ɗankwali, ga ƙura ta maƙale a ƙullin, sai na kwance na goge su tas. Daga baya na tuna Yaya ba ya son a taɓa masa kaya, na mayar masa da abinsa. Ɗaya a nan, biyu a can, yadda na gani.”

“Ɗayan a wace waya kika sa?”

“Ke ma dai, Matar Yaya. Ƙulli ai ƙulli ne.”

“Ɗaki nawa?”

“Kicin kaɗai. Lafiya kike zare ido haka?”

Mai Kitso ba ta buƙaci a yi mata lissafi ba. Mijinta bai taɓa shakkar ƙulli ba, yadda bai taɓa shakkarta ba. In ya bi na Auta, to jar waya mai wuta tana zaune a ramin ta ƙasa, kuma ramin ta ƙasa kai tsaye yake zuwa jikin ƙarfen firiza. Ana ɗaga babban makunni, duk wanda hannunsa ke kan firizar nan, ƙafarsa a jiƙaƙƙen daɓe, sai dai wani ba shi ba.

“Fito daga kicin ɗin nan! Auta, saki tsumman nan ki fito!”

“In bar shi rabi? Saura gefe ɗaya.”

Daga waje aka ƙwala, “An haɗa! Maigida, ɗaga mu gani!” Sai mata suka ɗuro kicin gaba ɗaya don su ji kukan firiza na farko. Wata ta dafa murfin, wata ta jingina. Soket ɗin na can bayan firizar, an tura ta ta manne da bango, mutum uku ne za su iya ja. Mai Kitso ta yi ihu a fita, hayaniya ta haɗiye muryarta, wasu ma suka ɗauka murna ce suka taya ta. Ta zubar da jaka ta kutsa ta cikinsu da gwiwar hannu, ta bi ta falo a guje, mayafi na jan ƙasa.

Akwatin wuta na zaure. Maza sun kewaye shi, an taso da Oga an tsayar da shi a gaba. Injiniya ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin babban makunni. Ta faɗa tsakiyarsu ta cafke masa wuyan hannu, daidai inda ta riƙe shekara talatin da biyu da suka wuce.

“Tsaya.”

Maza suka kwashe da dariya. Wani ya ce uwar gida ta ce ba a buɗe gida ba ta nan. Ɗan Kwangila ya dubi agogo. Ma'aikacin kamfani ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri, muna da wurare uku a gaba, mita kawai muke son mu ga ta kawo.”

“Zo ciki, ina da magana,” ta ce wa mijinta, tana haki.

“To ku je ku yi maganarku, ni bari in ɗaga muku,” in ji Ɗan Kwangila, ya miƙo hannu. Mai Kitso ta juya ta ba akwatin baya, ta baje hannuwa. Gajeriyar mace, kanta ko ƙasan akwatin bai kai ba, amma mutumin ya ja da baya.

Ta buɗe tafin hannunta ta gefen da Injiniya ne kawai zai gani. Ya shafa guntayen da yatsa, ya ce a hankali, “Ɗaya, biyu. Ai daidai ne.”

“Mai ɗayan koriya ce,” ta raɗa masa. “Ba ƙullina ba ne. Kicin, kuma Auta na jikin firiza.”

Ya janye hannu daga guntayen kamar ya taɓa garwashi.

Tsufa ya ci ƙafar Oga amma bai ci idonsa ba. Ya nuna da sanda. “'Yata, mene ne wannan a hannunki?”

Ƙarya uku suka zo mata baki a lokaci guda, kuma duk za ta iya faɗarsu ba tare da ta ƙifta ido ba. Shekara talatin da biyu tana rufa wa mutumin nan asiri, ko 'ya'yan da ta haifa ba ta gaya wa ba, ba yau za ta kasa ba, a gaban mai gidaje goma sha biyu. Ta buɗe baki za ta ce ita ce ta yi kuskure. Sai ta ji hannunsa a kafaɗarta.

“Bari,” in ji Injiniya. Ya juya ga tsohon, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Oga, ni ba na bambance ja da kore. Tun ina gabanka haka nake. Duk gidan da na yi, ita ce ta zaɓi wayar, ita ce ta ƙulla min alama a kai. Ni ɗaurawa kawai nake yi, ita ke gani. Yau an canja alamar a kicin, kuma da na ɗaga abin nan da na kashe ƙanwata.”

Mai Kitso ta ji kamar an tuɓe mata mayafi a kasuwa, kuma a lokaci guda ta ji wani nauyi ya sauka daga wuyanta, wanda ta manta ma tana ɗauke da shi.

Oga ya buga sanda a ƙasa. “Shekara bakwai a hannuna! Shekara bakwai, ɗan banza, kana bin bayan mutane kana kwaikwayo, ni ina cewa ladabi ne!” Ya yi huci, ya juyo kanta. “Ke kuma, tunda ke ce idon, wuce mu gani.”

Injiniya ya zare tasta daga aljihunsa, abin da ko wanka zai shiga sai ya ajiye shi inda zai hango, ya miƙa mata.

Aka fitar da mata daga kicin, maza uku suka ja firizar. Mai Kitso ta durƙusa a kan ruwan Auta ta kwance soket ɗin, ta juyo bayansa ga jama'a. Ga jar waya nan zaune daram a ramin ta ƙasa. Ma'aikacin kamfani ya yi salati ya cire hula. Auta ta leƙa, aka yi mata bayani da kalma biyar, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo ni! Ni da na zo taimako! Matar Yaya, da yanzu ana...”

“Da yanzu kin bar gefe ɗaya ba ki goge ba,” in ji Mai Kitso. “Matsa, kina tare min haske.”

Dariya ta ɓarke, har da masu share hawaye. Ta sassauta 'yan ƙusoshin da ke riƙe wayoyin, ta mayar da ja gidanta, koriya gidanta, ta ɗaure tam, ta ja kowace ta ji ba ta motsi. Soket na biyu ma a juye yake. Na uku Auta ta dace, daidai ya fito. Saura na hita, can sama kusa da rufi. Aka kawo tsani, Injiniya ya riƙe ƙafafunsa da hannu biyu, ta tattare zane ta hau, mata na ƙasa suna kiran ta yi a hankali. Shi ma a juye yake. Ta gyara, ta sauko, sannan ta ce ba ta yarda ba sai an buɗe na sauran ɗakuna. Ma'aikacin da ke sauri ɗazu ya manta da wurarensa uku, ya ɗauko na'urarsa yana bin ta soket-soket yana gwadawa. Duk inda ƙullinta ne, ba a sami kuskure ko ɗaya ba.

Da aka koma zaure, Injiniya ya tsaya gefe. Oga ya zungure ta da sanda. “Ɗaga, mana. Wa kike jira?”

Sai da ta yi ɗage. Ta tura makunnin sama, ya ce ƙas. Ƙwan zaure ya kawo, na falo ya kawo, fanka ta fara juyi, daga can kicin firiza ta ɗauki gurnani. Gidan ya kaure da shewa da tafi. Auta ta ƙi yarda ta taɓa firizar sai da Mai Kitso ta ɗora tasta a jikinta aka ga bai kawo haske ba, sannan ta rungume ta, firizar ba matar yayan ba, tana kuka tana dariya.

Ɗan Kwangila kam ba a ga fitarsa ba. Gidaje goma sha biyun nan wani aka ba, kuma abin ya yi musu ciwo, ba sai an ɓoye ba. Magana ta zaga gari kafin la'asar, wasu da suka saba kira suka yi shiru. Injiniya ya yi kwana shida yana zaune a sabon falo yana kallon fanka. A na bakwai Oga ya bugo. Ya ce wayar gidansa ta tsufa kamar mai gidan, yana son a zare ta duka a sa sabuwa, kuma kada dogon ya kuskura ya zo shi kaɗai.

Ranar Litinin da safe Mai Kitso ta sallami mata biyu da suka zo kitso. Ta zuba reza da mayen ƙarfe da ashana a jaka, ta ƙara da sabon tasta nata na kanta. Sannan ta buɗe akwati, ta zura hannu har ƙasa, ta zaro zanen nan. Ninkinsa ya yi layi, amma korensa na nan shar kamar jiya aka sayo. Ta ɗaura, ta fito.

Injiniya na bakin ƙofa da tsani a kafaɗa. Ya dube ta sama da ƙasa, fuskarsa ta washe irin ta ranar da ya kawo mata zanen.

“Kai! Yau jan zanenki kika sa? Na zaci ya ɓata tuntuni.”

Ta dubi zanen, ta dubi mijinta. Shekara talatin da biyu tana gyara masa kala, safe bayan safe, ba ta taɓa barin ko ɗaya ta wuce ba. Ta gyara ɗaurin a ƙugu, ta ɗauki jaka.

“Shi na sa,” ta ce. “Mu je, kada tsohon nan ya fara buga sanda.”